Murfin Kaskon Goggo Poon da Kwandaloli Tara

Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama, yau bakina cike yake da labari.

Akwai wani mai sayar da tsofaffin kuɗi a layinmu na Sheung Wan, nan Hong Kong, sunansa Lok Kam-wing. Kowa Sifu Lok yake ce masa, wato gwanin sana'a. Kuma maganar gaskiya, gwanin ne. Ka miƙa masa kwandalar azurfa, zai riƙe ta da yatsu biyu, ya hura mata iska, ya kai ta kunne, ya gaya maka ko ta gaske ce ko jabu tun kafin ka sami wurin zama.

Aibinsa ɗaya: ya san ya iya. In kana magana ba sauraro yake yi ba, jira yake ka rufe baki ya gyara maka.

Jikin shagonsa akwai rumfar Goggo Poon Suk-yin, mai soya taliya. Ta haura sittin, 'yar gajera ce, kuma ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ni da na shekara goma sha ɗaya ina cin taliyarta. Kafin ta kama kasko, shekara ashirin da biyu ta yi a kamfanin agogo tana wanke ƙananan ƙarafa da ruwan sinadari. Sifu Lok ya san haka sarai. Amma a wurinsa mai taliya ai mai taliya ce.

Wata Laraba da hantsi sai ga wani tsoho ya shigo shagon, rungume da gwangwanin biskit. Sunansa Mak Yiu-tong, tsohon ma'aikacin jirgin fito ne da ya ajiye aiki.

Ya ce, "Sifu, an ce kai ne likitan irin waɗannan abubuwa."

"Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Buɗe mu gani, Kawu."

Cikin gwangwanin akwai wani albam na leda mai laushi, cikinsa kwandalolin azurfa guda tara. Kowacce ta yi wani kore-kore mai danƙo, har tana maƙalewa a jikin ledar.

Sifu Lok ya dafe ƙeya. "Kash! Wa ya yi wannan aika-aikar? Irin wannan ledar in ta haɗu da danshin garin nan, gumi take yi, gumin kuma cin azurfa yake."

"Ɗana ne ya saya mini, shekara ashirin ke nan. Wai don kada su ɓace." Tsohon ya sunkuyar da kai. "Jiya har na ɗauko man goge baki da buroshi..."

"Kai, Kawu! Da ka kashe su murus! Wannan duhun da ke jikinsu shi ne darajarsu, ba a taɓa shi. Koren kawai za a cire, kuma ba da gogewa ba. Akwai ruwan da ke narkar da shi ya bar azurfar yadda take."

Nan Kawu Mak ya zauna ya faɗi abin da ya kawo shi. Mahaifiyarsa ce ta ɗinke kwandalolin nan a bakin rigarta, ta goyo shi tun yana jinjiri, ta baro ƙauyensu a ƙafa har ta iso garin nan. An sha yunwa, an sha kwanan tsaye, amma ko ɗaya ba ta sayar ba. Ranar Lahadi ake bikin jikarsa Hiu-lam, yana so ya shimfiɗa su a ƙasan akwatin amarya kamar yadda aka saba.

"Tara ta ba ni, Sifu. Tara nake so in miƙa."

Sifu Lok ya yi dariya. "Shekara talatin ina wannan aikin, ban taɓa ɓata kuɗin kowa ba. Dawo Juma'a da la'asar."

To, washegari Alhamis ta kama sha shida ga watan gargajiya, ranar da masu shaguna ke yi wa abin bautarsu da suke kira mai tsaron ƙasa hidima. Kamar kowane shago a layin, na Sifu Lok yana da ɗan jan gurbinsa a ƙasa, gindin bango, yana kallon ƙofa. Ya jera lemo, ya soka turaren tsinke, ya kunna jajayen kyandirori biyu. Kyandir ɗin ranar kuwa ba a hure shi, sai ya ƙone don kansa. Wanda ya hure, cewa ake ya hure cinikinsa.

Abokansa dillalai uku suka zo cin kazar hidima, cikinsu har da Fung Ƙato, mutumin da ba ya wuce abinci kuma ba ya wuce tsokana.

Fung ya leƙa gwangwanin biskit. "Tabɗi! Wannan kore ai sai ka kwana uku a kansa."

"Kwana uku? Kafin ka gama cinyar kaza na gama."

"Haba Sifu, daina cika baki."

Shi ke nan fa, an taɓo shi inda yake masa ƙaiƙayi.

Ruwan da ake wannan aikin da shi sunansa asiton. Fari ne tas kamar ruwan sha, warinsa irin na abin goge jan farce, kuma kamar fetur yake wajen saurin kama wuta. A al'adarsa Sifu Lok can baya yake zuwa, bakin taga, ya zuba kaɗan a kwalba mai murfi, ya wanke ɗaya bayan ɗaya. Amma ranar ana zafi kamar me, na'urar sanyi na aiki, ƙofa da tagogi a rufe, ga kuma idanu shida suna kallonsa.

Ya ɗauko faffaɗan tiren ƙarfe ya aza kan tebur a tsakiyar shago. Kuma kada ku ce bai yi hattara ba. Ya karɓe laitar kowa ya jefa a aljihun tebur. Ya kashe butar shayi. Ya zare sigarin da ke maƙale a kunnen Fung.

"Ni ba sabon shiga ba ne," in ji shi. Ya tuntsurar da kwalba guda cur cikin tiren. Kaɗan ya zuba gefe, ya goge da tsumma, ya yar da tsumman a ƙasa. Sannan ya jera kwandaloli tara a ciki.

Daidai lokacin Goggo Poon ta turo ƙofa da kafaɗa, ɗauke da farantin kaza. Taku biyu ta yi ta tsaya cak. Ta ja hanci. Ta dubi tiren, ta dubi tsumman, sannan ta dubi kyandirori biyu da ke ci a gindin bango.

"Maigida Lok, don girman iyayenka, rufe tiren nan."

"Ajiye kaza, Goggo, mun gode."

"Ka rufe shi, ka buɗe ƙofa. Tururin ruwan nan ba sama yake tashi ba, nauyi gare shi. Gangarowa yake ya bi ƙasa, ga kuma wuta can a ƙasa."

Sifu Lok ya waiga ya dubi gurbin. "Wancan? Ai ya fi taku biyar daga nan."

"Na ga ya yi tafiyar da ta fi haka. Ban ce ka hure kyandir ba, na san ba a yi. Ka rufe tiren, ka jira su ƙone. Ko rabin sa'a ba za su ƙara ba."

Fung Ƙato ya bushe da dariya. "Sifu, yau ka sami malama!"

Wannan maganar ce ta ɓata komai. Fuskar Sifu Lok ta yi ja.

"Goggo, na taɓa zuwa rumfarki na gaya miki yawan gishirin da za ki zuba? Ke da kika wanke ƙusoshin agogo za ki koya mini aikin azurfa? Koma ki duba taliyarki kada ta kama."

Suka kwashe da dariya. Wallahi da ni ne da na dire farantin na ce ku ƙarata. Ita kuwa ba haka ta yi ba. Ta ajiye kaza, ta fita, ta bar ƙofar a buɗe. Sifu Lok ya sa ƙafa ya tura ta, wai sanyi na fita.

Ga abin da ya ƙara mata girma a idona. Da ta koma rumfa, kashe murhunta ta yi, alhali mutum huɗu na tsaye suna jiran taliya. Ta tsoma buhu a bokitin ruwa ta rataya a kafaɗa. Ta ɗauki babban murfin kaskonta, ta dawo ta tsaya jikin ƙofar mutumin da ya gama wulaƙanta ta.

Wani mai jira ya ce, "Goggo, taliyar fa?"

Ta ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Yanzu zan zo."

A ciki Sifu Lok ya sa hantsakin gora ya ɗago kwandala ɗaya, yana juya ta a gaban fitila.

"Ku duba nan! Ina koren? Fung, buɗe idonka da kyau, ka je ka ba da labari..."

Fuuu!

Jama'a, wata shuɗiyar wuta ce ta taso daga gindin bango, ta sheƙo a kan daɓe kamar an ja ta da zare. Ta cafke tsumman, ta haye ƙafar tebur, tiren ya kama bal! Harshenta har yana lasar rufi.

Dillalan nan uku suka yi ƙofa a tare, suka cushe. Fung Ƙato, da ko matakala uku ba ya hawa sai ya huta, shi ya riga kowa fita, takalmi ɗaya a ƙafa.

Kwandalar da ke bakin hantsaki ta suɓuce, ta bugi ƙarfen tebur, ta faɗa kan tsumman da ke ci. Sifu Lok ya ƙwalla ƙara, "Kuɗin Kawu!" Ya kai hannu zai sunkuci tiren ya fita da shi waje. Da ya ɗaga shi, da ruwan wutar ya kwarare masa a ƙirji, ya malale shagon gaba ɗaya.

"Kada ka taɓa!"

Ranar na san Goggo Poon tana da murya. Ta bangaje shi gefe, ta kare fuskarta da murfin, ta matso, ta kifa shi kan tiren, ƙwam! Ta warware jiƙaƙƙen buhun ta shimfiɗa kan tsumman, ta bi da ƙafa tana takawa.

Sai ga Fung ya dawo a guje da bokitin ruwa, Goggo ta daka masa tsawa.

"Ajiye shi, Ƙato! Ka watsa ruwa ka raba wutar ko'ina. Buɗe tagogi! Kashe na'urar can! Kowa ya bar murfin nan sai ya huce!"

Kafin ka ƙirga ashirin wuta ta mutu. Sai hayaƙi, da ƙauri, da mutanen layi cike da bakin ƙofa. Sifu Lok da kansa ya durƙusa gaban gurbin, ya sunkuyar da kai, ya kashe kyandirorin da yatsun hagunsa. Gashin girarsa babu ko ɗaya, bayan hannunsa na dama kuma ya yi jawur.

Goggo ta ja shi bakin famfo ta tara hannun a ruwa. Bai iya kallon ta ba.

"Goggo... kuɗin."

"Hannunka tukuna. Kuɗin ba gudu za su yi ba."

Da murfin ya huce aka ɗaga, kowa ya riƙe numfashi. Kwandaloli takwas na kwance a ƙarƙashin sauran ruwan, lafiya lau! A sama wutar ta ci, ba ta kai gare su ba. Mutane suka ɗau tafi, wata mata har da guɗa.

Amma ta taran, da aka zaro ta daga ƙarƙashin buhu, gefe ɗaya ya yi baƙi ƙirin, launinta na shekaru ya ƙone, bakinta kuma ya lotsa inda ta bugi tebur. Sifu Lok ya juya ta a tafinsa. Shi ya fi kowa sanin cewa babu ruwan da zai gyara wannan.

Da jama'a suka watse, Fung ya matso kusa da kunnensa.

"Me kake wa baƙin ciki? Kana da irinta sak a akwatin ƙarfenka, shekararsu ɗaya, taka ma ta fi kyau. Jefa masa ita cikin takwas ɗin. Tsoho ne, idonsa ya yi rauni. Shi ya ci riba, kai sunanka ya tsira."

Sifu Lok ya buɗe akwatin ƙarfen, ya ɗauko tasa, ya ajiye kusa da ƙonanniyar. Ya daɗe yana kallon su. Goggo na gefe tana naɗe buhunta.

"Goggo, ke me kika gani?"

"Yau ka tambaye ni?" Ta ɗauki murfinta. "Ni dai ban ji tsohon ya ce yana neman mai kyau ba. Ta uwarsa ya kawo." Ta fita abinta.

Juma'a da safe, tun ba ta kunna murhu ba, sai ga Sifu Lok a gaban rumfar, hannu naɗe da bandeji. Ya tsaya yana inda-inda, a gaban masu jiran karin kumallo.

"Yaya Suk-yin, jiya na yi miki rashin kunya a gaban mutane, shi ya sa na zo gaban mutane. Ki yafe mini. Kuma... takwas ɗin na buƙatar ɗauraya, hannuna ba ya riƙe hantsaki."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ka fi kyau da gira. Mu je."

A bayan shago suka yi aikin, taga a wangale, babu ko ƙyallin wuta. Ta zuba asiton tsantsa ɗan kaɗan a kwalbar gilas, ta sa kwandala ɗaya, ta rufe. Bayan ɗan lokaci ta ciro ta da hantsaki, ta ɗauraye a sabon ruwa, ta jingine ta ta bushe don kanta. Ba gogewa, ba murzawa. Sauran ruwan ta juye a kwalba ta ɗaure bakin, ta hana a zuba a kwata. Shi kuwa babban Sifu yana tsaye da hannu ɗaya yana miƙo mata murfi.

Da la'asar Kawu Mak ya iso, ya sha wanka, fuskarsa cike da fara'a. Ya ga rufin da ya yi baƙi, ya ga bandeji, sai fara'ar ta gushe.

Sifu Lok ya shimfiɗa farin ƙyalle, Goggo Poon na tsaye a gefe. Takwas a jere, tsaf, koren ya tafi, duhunsu na asali na nan. Ta taran ya ajiye ta ita kaɗai.

"Kawu, wannan ni na ƙona ta. Ba tsautsayi ba ne. An gargaɗe ni na ƙi ji, don ina so a ce na iya. Takwas ɗin nan ma da ba don wannan baiwar Allah ba, da babu su, da babu shagon." Ya turo wata 'yar takarda a naɗe. "Ga irinta daga wurina, ta fi ta kyau. Na so in sa maka ita a ɓoye, na kasa."

Tsohon bai ko kalli takardar ba. Ya ɗauki ƙonanniyar, ya shafa baƙin da babban yatsa. Idanunsa suka kawo ruwa.

Can ya ce, "Uwata ta ratsa kogi da su, ruwa iya wuya, ni ina bayanta. Ko ƙwarzane ba su yi ba. Kai kuma kwana ɗaya na ba ka."

Sifu Lok ya kasa ɗaga kai. Na tabbata da mari aka kwaɗa masa da ya fi masa sauƙi.

Kawu Mak ya tura masa takardarsa. "Riƙe abarka. Wannan ba ta taɓa jin ɗumin jikin uwata ba." Ya juya ga Goggo Poon, ya rusuna mata har sau biyu. "Yaya, ranar Lahadi a teburin dangi za ki zauna. Kada ki ce mini taliya."

Sannan ya tattara kuɗinsa cikin ƙyallen, ɗaya bayan ɗaya. Ƙonanniyar ya aza ta a sama.

Sifu Lok ya ce da ƙaramar murya, "Kawu, ka sa ta a ƙasa mana, kada amarya ta fara cin karo da ita."

"A'a, a sama za ta zauna. Hiu-lam za ta tambaya me ya same ta, zan kuwa gaya mata. Ita ma wata rana 'ya'yanta za su tambaye ta." Ya rufe gwangwanin, ya tsaya a bakin ƙofa. "Yaya ma cikakken sunanka yake, Sifu? Ba na so in faɗa musu ba daidai ba."

Sifu Lok ya ɗago kai.

"Lok Kam-wing."

Tsohon ya maimaita shi sau ɗaya a hankali, ya gyaɗa kai, ya fita.

Darasi: Komai gwanintarka, in aka ce maka "tsaya", ka tsaya ka saurara, ko da mai faɗar ba ya cikin sana'arka. Girman kai na ɗan lokaci yana iya ɓata amanar da wasu suka tsare shekara da shekaru, kuma ba kowace ɓarna ake iya gyarawa ba. In aka raina ka don ka faɗi gaskiya, kada fushi ya hana ka tsayawa kusa ka taimaka. In kuma kai ka yi kuskure, ka faɗe shi da bakinka. Masu aiki da asiton da ire-irensa, ku zuba kaɗan, ku rufe, ku buɗe taga, ku duba wuta har wadda ke ƙasa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan sana'a wannan labari, wataƙila akwai wanda zai ji gargaɗi tun kafin ya buɗe kwalba.